Alƙawarin tela: gem biyar kafin Babbar Sallah

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau uwargida tana kakkaɓe ƙurar hunturu a ƙarƙashin talabijin sai ta zaro kaset uku, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Maigida, waɗannan na ado ne ko na sayarwa?" Na rasa ta cewa. God of War na kai kusan rabi na ajiye tun 2021. Red Dead Redemption 2 ko daga cikin dusar ƙanƙarar farko ban fita ba. Ghost of Tsushima kuwa ledarsa ma ban ɓare ba. Ban da su akwai ƙanana biyu da ƙanena ya sauke mini a kan PS4 ɗin, Journey da A Short Hike, kullum ina ganin hotonsu ina wucewa.

Da za a tambaye ni, cewa zan yi ba ni da lokaci. Shagon ɗinki, 'ya'ya biyu, ga wuta sai an ga dama. Amma ƙarya fure take yi. Kusan kowane dare in akwai wuta nakan buga gem ɗin ƙwallo wasa huɗu ko biyar, kowanne ina cewa shi ne na ƙarshe. Ashe lokacin yana nan, ƙwallo ce take cinye shi.

Saboda haka ga abin da na yanke: zan gama biyar ɗin nan kafin Babbar Sallah, kuma zan riƙa rubuta inda na kwana. Kaset ɗin ƙwallo na kai shago, na sa a durowar da muke ajiye zare, na ba yaron shago mukulli. Da na gaya wa ƙanena, dariya ya yi ya ce, "Yaya, wannan ai alƙawarin tela ne." Za mu gani.

Juma'a, 19 ga Janairu

Na koma God of War daga farko, domin na manta da komai, har da yadda ake jefa gatari. Sati biyu, awa huɗu kacal na samu. Laifin ba na shago ba ne, gasar cin kofin Afirka da ake yi a Kwaddibuwa ce ta zo ta zauna a kan darena. Wato na kulle ƙwallo a durowa, ta ɓullo ta talabijin.

Wani abu da na lura da shi: gem irin wannan ba ya son a shige shi a gajiye. Ƙarfe goma na dare, bayan na wuni a kan keke, idona yana ganin allura biyu, in na zauna sai na yi ta mutuwa a wuri ɗaya ina jin haushi. Shekaranjiya ma barci ya kwashe ni da fad, abin sarrafa gem, a hannu, na farka na tarar da Kratos, jarumin gem ɗin, yana ta tura bango da goshi.

Injin kuma ya sha ƙura, fankarsa tana ihu kamar zai tashi sama. Na sa buroshin da muke share keke na ɗan kakkaɓe masa ramukan iska. Ya rage, bai daina ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Jiya an ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe. Ba zan ce komai ba. An dai dawo mini da darena.

Na kuma sauya tsari. A unguwarmu wuta ta fi zama da sassafe, don haka yanzu in na dawo daga sallar Asuba na gama azkar, ina da kamar minti arba'in kafin yara su tashi a fara neman safa da takalmin makaranta. Nan nake bugawa, da sauti ƙasa-ƙasa, shayi a gefe. Janareta ban ma sa shi a lissafi ba. Tun da aka cire tallafin mai a bara, wanda ya tayar da janareta don gem sai ya yi wa gida bayani.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Na gama God of War. Ɗaya ya tafi. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan rana.

Labarin ba shi da yawa in ka ɗebe masa faɗace-faɗace. Mace ta rasu, ta bar wasiyya a kai tokar gawarta ƙololuwar dutsen da ya fi kowanne tsawo. Mijinta Kratos da ɗansu Atreus suka kama hanya, su biyun kuma ba su saba da juna ba. Shi ke nan. Sauran duk tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ne na zamanin jahiliyyarsu, da gumakansu da ƙattinsu da wani maciji da ya kewaye duniya. A matsayin tatsuniya na ɗauke su, kamar yadda ake ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, sai dai su sun kashe wa tasu kuɗi.

Abin da ya kama ni ba faɗan ba ne, ko da yake gatarin nan da kake jefawa ka danna ya dawo hannunka da ƙara, har yau ban gaji da shi ba. Wani ɗan wuri ne tun da farko-farko: yaron yana tsaye ya ba da baya cikin damuwa, uban ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya fasa ya sauke. A 2021 na wuce wurin nan ban ji komai ba. Yanzu babban ɗana yana da shekara bakwai, na kuma san sau nawa nake shigowa gida in fara da "ina aikin makarantarka" kafin in tambaye shi ya wuni. Mu ma haka aka rene mu, uba ba ya yabo a gaban ido. Mutanen Santa Monica Studio a can Amurka suka yi gem ɗin, ya fito a 2018, amma wannan uban na san shi a layinmu.

Na so tafiyar kwalekwale a tafkin da ke tsakiyar gem ɗin, inda Mimir, kan mutum da aka rataya a ƙugun Kratos, yake ba da labarai. In ka isa gaɓa sai ya katse, in ka koma ruwa ya ɗora. Akwai safiyar da ban yi komai ba sai zagaye a ruwa don ya ƙarasa. Sannan kyamarar ba ta yankewa tun daga farko har ƙarshe, ba ka ganin an ɗauke hoto an kawo wani. Wannan yana da kyau, amma ga mai minti arba'in yana da illa, domin ba ka samun wurin da za ka ce to, nan zan tsaya.

Inda ya ba ni haushi: lokacin da yaron ya gano asalinsa ya fara ɗaga hanci yana gaya wa manya magana. Na san da gangan aka yi, amma sauyin ya zo da gaggawa, ya kuma tafi da gaggawa. Su kuma mayaƙan nan mata masu fukafukai guda takwas da sarauniyarsu Sigrun, na kashe biyu na bar sauran da Allah. Ba na cikin alƙawari.

Asabar, 9 ga Maris

Azumi ya ƙarato, yadi ya fara taruwa a shago, don haka na ɗauki gajere. Journey zama ɗaya ne, kamar awa biyu, kuma yau da rana Allah ya sa an bar wuta.

Babu magana ko ɗaya a cikinsa, babu faɗa, babu rubutu. Wani ne cikin jan mayafi a tsakiyar hamada, can nesa ga dutse mai haske a kansa, kai dai ka nufe shi. Ɗana yana zaune kusa da ni ya ce, "Abba, wannan Buzu ne?" Na ce wataƙila. Ya ce to ina raƙuminsa.

Na haɗa injin da intanet ta wayata, ban san amfanin hakan ba sai da na ga wani mai irin mayafina yana tsalle a gefe. Mutum ne na gaske, a wani wuri a duniya. Ba ku iya magana, ɗan sauti kawai kuke yi wa juna kamar ƙarar ƙararrawa. Ya jira ni sau biyu da na faɗo daga gada. A wurin da ake sulalawa a kan yashi rana tana faɗuwa, komai ya zama ruwan zinare, ni da ɗana duk muka yi shiru. Da muka shiga dusar ƙanƙara iska tana mayar da mu baya, sai na ga ina matsawa kusa da baƙon nan ba tare da na yi niyya ba. Sai bayan an gama ake nuna maka sunan wanda kuka yi tafiya tare. Ashe mutum uku ne daban-daban, ni ina zaton ɗaya ne.

Gem ne na 2012, ya girmi ɗana da shekara biyar, amma bai tsufa ba. Biyu sun tafi.

Lahadi, 24 ga Maris, 14 ga Ramadan

Ba gem. Na lulluɓe injin da ƙyalle tun daren da aka ga wata. Daga tarawihi sai shago har sahur, shadda ta kai rufi, kowa kuma nasa ne na gaggawa. Ko da akwai lokaci ma ba watan wannan ba ne. Na rubuta ne kawai don kada littafin ya ɗauka na gudu.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba. Na yi barcin kwana biyu kamar wanda aka yi wa duka. Kaya uku ne ban gama ba, masu su kuma sun gaya mini abin da ya sawwaƙa.

Jiya da yau muka buga A Short Hike, kuma wannan karon fad ɗin yana hannun ɗana, ni ina karanta masa abin da ake cewa ina juya masa da Hausa. Wata tsuntsuwa ce mai suna Claire ta je hutu wurin innarta a wani tsibiri, tana jiran kira mai muhimmanci, ga shi babu sabis sai a kan dutse. Da na fassara masa wannan sai ya ce, "Kamar garin Kaka!" Gaskiyarsa. A ƙauyenmu har yau akwai tudun da ake hawa a ɗaga waya sama.

Kana tara gashin tsuntsu na zinare, kowanne yana ƙara maka ƙarfin hawa da tashi. Ni da na karɓa sai in nufi dutse kai tsaye, irin na mai son ya rubuta "na gama". Shi kuwa ba ruwansa da dutse. Ya yi kamun kifi, ya tara kwanson teku ya kai wa wata yarinya, ya yi tsere da wani ya sha kashi sau shida yana dariya. Abin da mutane ke gamawa a awa biyu mu ya ɗauke mu kusan biyar. Da muka kai sama wayar ta yi ƙara, mahaifiyarta ce, an yi mata aiki a asibiti ba ta gaya mata da wuri ba don kada hankalinta ya tashi. Na ɗan tsaya kafin in fassara wannan. Ya ce, "Ta warke?" Na ce ta warke. Ya ce to mu sauka da fukafukai.

A cikin ukun da na gama, wannan ne mafi ƙanƙanta, mutum ɗaya ne ma ya tsara shi, kuma shi ne ba na son a goge daga injin. Uku.

Asabar, 4 ga Mayu

Yanzu aka zo wurin. Red Dead Redemption 2 kaset biyu ne a kwali ɗaya, ɗaya na sakawa a injin, ɗaya na bugawa, kuma sai da na goge God of War kafin ya samu wuri. Ana tsakiyar sakawa aka ɗauke wuta. Washegari na sake daga farko.

Zafin Kano na wannan watan ba ya bari a zauna a falo da rana, injin ma huci yake yi, don haka ina nan a kan minti arba'in ɗina na safe. Matsalar ita ce wannan gem bai san minti arba'in ba. Kafin ya buɗe an ci wasu mintuna. Kafin ka hau doki ka isa inda aikin yake an ci wasu. Arthur Morgan, ɗan ƙungiyar 'yan fashin da kake bugawa da shi, in zai bincika gida sai ya buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai neman allura. Satin farko na tsane shi. Safiya guda ta ƙare ban yi komai ba sai kai wani mutum gari a keken doki.

Daga baya na daina faɗa da shi. Na raba: safiyar aiki ta ƙananan abubuwa ce, in goge doki, in yi farauta in kai nama sansani, in sha kofi a bakin wuta in ji hirar 'yan ƙungiya. Manyan ayyukan labari sai Juma'a da yamma da ba na buɗe shago. Tun da na yi haka muka shirya.

Shekarar 1899 ce a labarin, zamanin 'yan fashin dawa na Amurka yana ƙarewa, hukuma tana matse su. Arthur yana da littafin da yake rubutu da zane a ciki, kuma rubutunsa ya fi bakinsa taushi. Nakan buɗe in karanta, in kalli wannan nawa in ji kunya.

Juma'a, 24 ga Mayu

Akwai aikin da ba na so a gem ɗin nan, karɓo bashi. Wani ɗan ƙungiya mai suna Strauss yana ba talakawa rance da ruwa, kai kuma a tura ka ka karɓo da duka. Ni da nake da littafin bashi a shago, mutum ya sa kaya ya je biki ya dawo yana gaishe ni kamar ba komai, na ɗauka zan ji daɗin wannan. Ban ji ba. Manomin nan Downes, marar lafiya, matarsa tana roƙo, Arthur yana dukansa har ya yi masa tari a fuska. Na wuce wurin tun makonni, na manta. Sai yau a birnin Saint Denis Arthur ya yanke jiki ya faɗi a titi, likita ya ce tarin fuka ne. Sai da na ajiye fad na tuna daga inda ya kwaso. Ba wanda ya nuna maka da yatsa a lokacin, kai za ka haɗa.

Shi kuma Dutch, shugaban ƙungiya, kullum yana da shiri. Aiki ɗaya ya rage, a samu kuɗi, a tafi Tahiti a huta. An yi aikin, an rasa mutum, sai wani aiki ɗaya ya rage. Abin da ya dame ni shi ne na gane muryar. Ita nake yi wa mai kaya in ya zo ranar Talata: "Alhaji, wuya kawai ya rage, jibi in sha Allahu," alhali ko yanka ban yi ba. Na gaya wa uwargida haka, ta ce ita ma ta san muryar, da ita aka yi mata alƙawarin gyaran ƙofar kicin.

Babi na biyar da aka jefa mu wani tsibiri mai suna Guarma bai yi mini ba. An raba ni da dokina da sansanina, an bar ni da harbi kawai. Allah ya sa gajere ne.

Lahadi, 9 ga Yuni

Arthur ya tafi. A kan dutse, gari yana wayewa, kuma a falona ma gari yana wayewa, domin ƙarfe shida da rabi ne na safe. Ban tsara haka ba.

Amma ba mutuwarsa ce ta fi taɓa ni ba, wannan an daɗe ana shirya ni. Dokin ne. Wata farar goɗiya ce da na kama tun babi na biyu, na sa mata suna Kili, duk safiyoyin nan da ita na yi su. Aka harbe ta a gudun ƙarshe, Arthur ya koma ya durƙusa ya yi mata godiya, ana ta harbi a bayansa. Da a ce na bi gem ɗin da gudu kamar yadda na so da farko, da doki ne kawai ya faɗi. Ɗana ya fito da burodi a hannu ya ce, "Abba, mura kake yi?" Na ce e.

Na ɗauka an gama, ashe akwai ƙari. An tsallaka zuwa 1907, an ba ni John Marston, abokin Arthur a ƙungiya, ana koya mini tatsar saniya da kwashe kashin shanu. Ga layya saura mako guda, ga ɗinki ya sake taruwa, ko da yake na Babbar Sallah bai kai na ƙarama ba, kuɗin mutane yana wurin rago.

Laraba, 19 ga Yuni

An yi Sallah ranar Lahadi. Na gama ƙarin John a daren Juma'a, na gina masa gidansa na katako a Beecher's Hope, na hau dutse na biya wa Arthur bashinsa, aka jero sunayen waɗanda suka yi gem ɗin har na gaji da kallo na je na kwanta. Huɗu ke nan cikin biyar.

Ghost of Tsushima na ɓare ledarsa jiya. Na ga mamayar da Mongol suka kai wa tsibirin Tsushima na Japan a 1274 a bakin teku, na ga yadda iska ce take nuna maka hanya maimakon kibiya a allo, ciyawa tana kwantawa ta inda za ka bi. Ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka ce in zaɓi doki in sa masa suna, sai na kashe injin. Ban shirya wani doki ba tukuna. Zai jira damina ta yi nisa.

Da yamma ƙanena ya zo cin nama, ya ɗauki littafin nan ya karanta tun daga Janairu yana murmushi. Ya ce, "Yaya, huɗu cikin biyar. A tela ai wannan ka yi ƙoƙari, wuya kawai ya rage." Sai ya zaro kaset ɗin ƙwallo daga aljihu. Ashe tun watan Maris ya karɓe shi a wurin yaron shago, ni ina nan ina yabon kaina da haƙuri a kan durowar da babu komai a ciki sai zare.

Muka buga. Hannuna ya manta, ina neman ba da fas ina danna abin kiran doki. Ya ci ni uku da ɗaya, ɗana kuma yana bayansa.